Shagon fotokofin Harobanda da ya yi wa koren kayena ritaya

Shagon ba shi da allon suna, ko da yana da shi ma ba zan rubuta ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. In ka ƙetare gadar Kennedy ka gangara Harobanda, wajen da masu fotokofi suka yi layi suna jiran ɗaliban jami'a, yana nan cikinsu: ƙofar ƙarfe shuɗiya, benci a waje da tubali ya tokare ƙafarsa guda, injuna biyu a ciki, kwamfuta uku amma biyu ke tashi. Abin da ya raba shi da maƙwabtansa mai shi ne. Su takarda kake kai musu su kwafa maka. Shi tambaya kake kai masa, ya nemo maka takardar.

Ni malamin tarihi ne a wata lise mai zaman kanta. Ba'adare ne, a Tawa na yi karatu, yau shekara goma sha huɗu ina shaƙar ƙurar alli a Yamai. Ina da wani kaye, wato littafin rubutu, mai koren bango da nake shiga aji da shi duk sa'ad da aka zo kan Turai ta Tsakiyar Zamani, abin da littattafanmu ke kira Moyen Âge. Rabin abin da ke ciki daga bakin mushenmu na Tawa na kwashe shi, Allah ya jiƙansa, sauran daga littattafan Faransa da suka girme ni. Babin Baƙar Annoba layi huɗu ne kacal: mayaƙan Tatar sun yi wa garin Kaffa na bakin Baƙin Teku ƙawanya suna harba gawawwakin masu annoba ta bisa ganuwa, jiragen ƴan Jenowa suka kwaso cutar zuwa Messina a 1347, ɓeraye suka yaɗa ta, kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai suka mutu. Ina faɗa, yara na rubutawa, a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Bara wata yarinya ta layin baya, wadda ko gaisuwarta ba a cika ji ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to mu nan fa? Tsallake mu ta yi, ko ba a rubuta ba ne?" Na ce mata hamada ce ta tare ta. Bakina ne ya ƙera amsar nan take. Ta rubuta da jan biro, ta ja layi a ƙarƙashi, kuma jan layin nan ne ya hana ni sakat.

Wani abokin aikina mai koyar da falsafa ya yi mini kwatancen wurin. Mai shagon Bagobiri ne, bai kai arba'in ba, ya karanta tarihi har ya shiga masta, sai mahaifinsu ya rasu ƙanne suka dawo wuyansa. Tun a gaisuwa ya ji bakin Adar, ya yi murmushi ya ce, "Mushe, mi kaka biɗa?" Na miƙa masa kayen a buɗe. Ya karanta layukan huɗu, ya juya bango ya duba kamar mai taya tsohuwar akuya, ya ce, "Wanga kaye ya yi aikinsa, a bar shi ya huta."

Tsarinsa ga shi, kuma shi ne farkon abin da ya burge ni. Kuɗin nema dala ɗari ne, wato sefa 500, kowace tambaya, ko takarda guda ya samo ko goma. Bayan kwana biyu sai ya aiko maka da jeri ta WhatsApp: sunan kowace takarda, shekararta, harshen da aka rubuta ta, yawan shafi, abin da za ta ci in an buga, da layi biyu na abin da ta ƙunsa a nasa fahimtar. Kai za ka zaɓa. Bugun baƙi dala biyar shafi, mai launi dala hamsin, ɗauri da roba dala ɗari. Sau huɗu na je, ba a taɓa ƙara mini ko tamma a kan abin da aka rubuta ba. Wanda ya san Yamai ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar farko da ya sa mini a sama ta kashe layin farko na kayena. Hannah Barker ce ta rubuta ta, ta fito a mujallar Speculum a 2021. Ashe labarin harba gawa duk daga mutum guda ya fito, Gabriele de' Mussi, wani marubucin takardun shari'a na garin Piacenza a Italiya, wanda yana gida zaune lokacin da ake abin, bai ga Kaffa da idonsa ba. Ita sai ta bar labarin nasa ta shiga takardun ciniki da na sulhu. Faɗa ya tashi tsakanin fataken Italiya da Janibeg, sarkin Tatar, tun 1343 a garin Tana, Jenowa da Venis suka hana jiragensu zuwa tasoshinsa, sai a 1347 aka shirya, jiragen alkama suka koma jigila, kuma a bayan wannan ne cutar ta ƙetare Baƙin Teku ta shiga Kustantiniya. Wato a ganinta ba yaƙin ne ya kai annoba Turai ba, sulhun ne, cikin buhunan hatsi. Na karanta wannan a bisa bencin mai tubali, na tuna da manyan motocin masara da ke shigowa kasuwar Katako, da abin da ke fita daga ƙarƙashin buhu in an ɗaga shi. Shekara goma sha huɗu ina kwatanta wa yara majaujawar harba gawa da hannuna, suna dariya suna tsoro. Gaskiya na ji zafin rabuwa da ita, don babu darasin da ke tada mai gyangyaɗi kamarsa.

Ɓerayen ma ba su tsira ba. Wani bincike na 2018 da ƴan jami'ar Oslo suka jagoranta ya ɗauki lissafin matattu na annoba tara a garuruwan Turai, ya gwada shi da hanyoyin yaɗuwa uku, a bakwai daga ciki ƙuma da ƙwarƙwatar jikin mutum suka fi dacewa da saurin mutuwar. Wannan lissafi ne na kwamfuta, ba kowa ya yarda da shi ba, na ajiye shi gefe.

Wadda ta ci mini dare biyu ita ce ta mujallar Nature ta watan Yuni 2022, kuma a kanta ne na tabbatar mai shagon yana karanta abin da yake sayarwa. A Kirgizistan, kusa da tafkin Issyk-Kul, akwai maƙabartun Kiristocin Gabas guda biyu, Kara-Djigach da Burana, da aka tona tun tsakanin 1885 da 1892. Duwatsun kaburburan na ɗauke da rubutun Suryaniyanci da shekara. Cikin duwatsu 467 masu kwanan wata daga 1248 zuwa 1345, guda 118 duk na shekara biyu ne, 1338 da 1339. Masanin tarihi Philip Slavin ya bi sawun ƙasusuwan, Maria Spyrou da Johannes Krause da abokan aikinsu suka huda haƙoran mutum bakwai, suka samu ƙwayar gadon Yersinia pestis a cikin uku. Ita ce dai cutar da Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, kuma ita aka fiddo a 2011 daga haƙoran maƙabartar annoba ta East Smithfield a Landan. Abin da ya sa ta Kirgizistan ta yi ƙara shi ne matsayinta a bishiyar dangin cutar: tana daidai gindin da rassa huɗu suka tsage, kuma ɗaya daga rassan shi ne ya cinye Turai bayan shekara takwas ko tara. Danginta mafi kusa a yau suna jikin wasu dabbobin rami masu kama da ƙaton kurege a duwatsun Tian Shan.

Mai shagon ya sa yatsa a kan hoton wani dutse ya ce in karanta kalmar da aka fassara da annoba. Mawtana. Ya ce, "Mushe, kai da ka yi allo, ba ka ji mautu a ciki ba?" Na ji kuwa. Dutsen na wani mumini ne mai suna Sanmaq, abin da aka rubuta bayan shekara shi ne kabarinsa ne kuma annoba ce ta ɗauke shi. Sannan ya ƙara mini wata takardar da ban nema ba, ta Monica Green ta 2020, wadda ke cewa rassan sun tsage tun ƙarni na 13, suka bi rundunonin Mongol, har tana danganta abin da faɗuwar Bagadaza a 1258. Ya ce kada in shiga aji da guda in bar guda, don masu abin ba su gama ja-in-ja ba. Mai neman kuɗina kawai da ya bar ni da wadda ta fi daɗin faɗa.

To, ga inda daɗin ya fara raguwa. Kusan duk takardun nan da Ingilishi suke, ni kuwa Ingilishina na lise ne, ya isa in tambayi hanya a Illela in an ƙetara daga Birnin Ƙwanni, bai isa in karanta bishiyar dangin cuta ba. Shagon na da abin da suke kira fassara, dala goma shafi: yaron shago ya zuba takardar a injin fassara na intanet, ya bugo maka ita da Faransanci. Kada ka biya. Akwai kalmar Ingilishi guda da ke nufin reshen ƙwayar cuta kuma tana nufin gajiya ko ƙoƙari, injin ya zaɓi gajiya daga farko har ƙarshe, sai na tsinci kaina ina karanta cewa an samu tsohuwar gajiya a haƙoran mutum uku. Jadawalin lambobi duk ya wargaje, bayanan ƙasan shafi sun hau cikin rubutu kamar awaki a gonar wake. Jika biyu na zubar a kan wannan. Daga baya dabarar da ta fisshe ni ita ce in sayi ta asali, in zauna da ƙamus da shayi, inda na cije in kawo wa mai shagon da yamma. Shi ba ya karɓar kuɗi a kan bayani, sai dai ka jira ya gama da masu katin ɗan ƙasa.

Babbar rigimarmu a kan launi aka yi ta. Layin ƙarshe na kayena, kashi ɗaya cikin uku, tuni wasu suka ɗaga shi: Ole Benedictow na Norwe ya kai shi kusan kashi 60 cikin 100. Amma a Fabrairun 2022 wata tawaga ƙarƙashin Adam Izdebski ta zo ta wata ƙofar daban. Kowane manomi ya san bununi, garin nan da ke tashi daga kan hatsi in ya yi fure. Ashe in ya faɗa tafki yakan nutse cikin laka ya zauna ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba, shekara bisa shekara kamar shafukan littafi. Sai suka tara samfur 1,634 daga tafkuna da fadamu 261 a ƙasashe 19, daga 1250 zuwa 1450, suka duba: bayan 1347, bununin alkama da sha'ir ne ya ci gaba da zuba, ko na ciyawa da itacen daji ne ya maye gurbinsa? Inda manoma suka ƙare, daji ke cinye gona. A Faransa, da kudu maso yammacin Jamus, da tsakiyar Italiya, da Girka, da tsakiyar Suwidin, gonaki sun mutu ƙwarai. A Ailan, da yawancin Sifen, da Folan da ƙasashen gabas da ita, noma ya ci gaba, wani wurin ma ƙaruwa ya yi. Ke nan ba bargo guda annobar ta rufa wa Turai ba. Adadin da muke haddacewa ya fito ne daga inda aka fi ajiye takardu, birane da Ingila da Italiya, aka shafa wa kowa. Ni da na tashi ina jin yadda yunwa kan kashe wani ƙauyen Adar ta bar na bayan dutse da rumbu cike, wannan bai yi mini wuyar ganewa ba. Har na yi tunanin abin da lakar tafkin Tabalak za ta faɗa in an tambaye ta.

Duk hujjar takardar a kan taswira take, kuma taswirar launi ce ke magana a cikinta: wannan launi gona ta mutu, wancan ta ƙaru. Na rubuta a jerin cewa shafukan taswira da launi nake so, na biya dala hamsin-hamsin. Ranar da na zo karɓa mai shagon ya tafi jana'iza, yaron ya miƙo mini ambulan. Sai da na koma gida na buɗe: Turai gaba ɗaya toka-toka, Faransa da Folan kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Takardar da ta ce annoba ba ta yi wa kowa daidai ba, injin ya mayar da ita tana cewa ta yi. Washegari na sake biyan taksi na ƙetare gulbi. Yaron ya ce, "Tonton, tawadar launi ce ta ƙare, amma ai komai ya fito, ga rubutu nan ana gani." Na ce ɗana, in ka sayi atamfa aka ba ka akoko, ka ce ai duk zane ne? Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Da maigidansa ya iso bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce laifinsu ne, da ya kamata a kira ni. Ya aiki yaron wani shago da takardar a kile USB aka bugo da launi, bai karɓi ƙari ba. Kuɗin taksina da rabin yinina dai sun tafi. Shawarata: buɗe ambulan a gabansu, shafi-shafi, ko da ana jiranka.

Haka suka yi mini da Taswirar Katalan, sai dai wannan karon ni na jawo, rowa ce ta sa na ce a buga baƙi. Taswirar an zana ta a Mayorka wajen 1375, ana danganta ta ga Bayahuden nan Cresques Abraham, tana ɗakin karatun ƙasa na Faransa a Paris, kuma kowa na iya buɗe ta kyauta a shafinsu na intanet, Gallica. A cikinta ne Mansa Musa ke zaune da kambi yana riƙe da dunƙulen zinariya, mai raƙumi na nufo shi. A baƙin bugu zinariyar ta fito kamar curin gawayi. Na koma na biya ta launi a babbar takarda, dala ɗari, ta fito da kyau har ana karanta sunayen garuruwa, yanzu tana manne a bangon ajina. Ita ce ke taimaka mini in nuna wa yara cewa lokacin da Fulorans da Jenowa suka fara buga kuɗin zinariya a 1252, Venis ta bi a 1284, idon Turai na kan hanyar da ke ratsa hamada.

Wannan ya dawo da ni kan tambayar yarinyar, wadda ita ce dala ɗarina ta farko. Mai shagon ya samo mini fitowa ta 9 ta mujallar Afriques, ta 2018, wadda Gérard Chouin ya tsara, gaba ɗayanta a kan sawun Baƙar Annoba a Afirka kudu da hamada. Kyauta take a intanet, kuɗin bugu kawai na biya. Na yi murna da na ga kanun da Faransanci, na buɗe na tarar manyan takardun ciki da Ingilishi, Allah ya kyauta. Chouin ya lura cewa garuruwa masu ganuwar ƙasa a kurmin kudancin Gana, irin su Akrokrowa, an watse daga cikinsu wajen ƙarni na 14 bayan ɗaruruwan shekaru ana zaune. Daphne Gallagher da Stephen Dueppen, masu haƙa a Kirikongo ta Burkina Faso, sun ga garin ya tsuke ƙwarai a rabin ƙarshe na wannan ƙarnin. Monica Green kuma ta nuna cewa wani reshen cutar da ke raye yau a gabashi da tsakiyar Afirka jikan wanda ya yi ɓarna a Turai ne. Su da kansu suna cewa zato ne mai ƙarfi da ke jiran haƙori irin na Kirgizistan ya tabbatar da shi.

Amma amsar da na ba yarinyar ta riga ta faɗi. Ibn Battuta yana Dimashƙa a 1348 ya ga annobar da idonsa. Ibn Khaldun ya rasa uwa da uba a cikinta a Tunis. Shekara huɗu bayan Dimashƙa, a 1352, Ibn Battutan ya bi ayari daga Sijilmasa, wata biyu ya iso Walata, ya shiga Mali, a 1353 yana Takedda, garin tagulla da masu bincike ke dangantawa da Azelik, a yankin Agadas ɗinmu. Bai ambaci annoba a ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na kudu da hamada, ba, wannan gaskiya ne, kuma masu shakka na riƙe da shi. Sai dai hamadar da mutum guda ya ratsa da kayansa da tufafinsa, ayari na bin ayari, ba za a kira ta katanga ba. A nan mai shagon ya samu abin da yake so. Ya buɗo inda Ibn Battuta ke lissafa ƙasashen da ake kai tagullar Takedda, ya nuna mini Kubar, ya bugi ƙirji ya ce, "Gobir ke nan, Mushe. Nemo mini Adar a ciki in mayar maka da dala ɗarinka." Na ce mu lokacin muna kan dutse muna kallonku kuna dako. Masu jiran fotokofi suka yi ta dariya ba su san kan zancen ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci ɗakin karatu zai tarar. Wurin matsattse ne, fanka guda ce kuma injin take hura wa, ba mutane ba. In wuta ta ɗauke a watan Afrilu sai a tada gurub, ƙara da hayaƙi su kore ka waje. Lokacin da ɗalibai ke ajiye memuwar, wato kundin kammala karatu, kada ma ka soma, layi har bakin titi, mai shagon ba ya ɗaga kai. Safiyar Asabar kafin ƙarfe goma ta fi. Kuma ƙarfinsa a tarihi yake. Abokina mai falsafa ya ce jerin da aka yi masa bai kai nawa ba, rabi tsofaffin abubuwa ne da yake da su. Takardun da mujallu suka kulle sai da kuɗi kuwa yakan gaya maka gaskiya cewa a kulle suke, wani lokaci ya rubuta wa marubucin da kansa ya roƙa, ka jira sati biyu ko uku, wani ya aiko wani ya yi shiru.

A zuwana na uku yana rubuta mini rasit ya tambayi unguwarmu, na ce Lazare. Ya ajiye biro ya ce, "Kana kwana cikin darasinka ba ka sani ba." Ya bugo mini shafi biyu kyauta. A 1377 garin Ragusa, Dubrovnik ta yau, ya kafa dokar cewa duk wanda ya fito daga ƙasar annoba sai ya yi wata guda a keɓe, a wani tsibiri ko wani gari na kusa, kafin ya shigo. Daga baya wasu biranen suka mai da shi kwana arba'in, daga nan kalmar karantin ta fito, wadda muka sha a bakin rediyo a 2020 da aka rufe Yamai ba shiga ba fita. A 1423 Venis ta ware wani tsibiri mai cocin Santa Maria di Nazareth ta mai da shi asibitin masu annoba na dindindin. Sunan Nazareth ya cakuɗe a bakin mutane da na Li'azaru mai gyambuna na Linjila, ya zama lazzaretto, Faransawa suka ɗauka suka ce lazaret, suka yi ta liƙa wa wuraren keɓe masu cuta a duk inda suka mulka. Tsofaffinmu kuma sun san Lazare da sansanin waɗanda fari ya koro daga arewa a 1974. Shekara tara ina ce wa mai taksi Lazare, ban taɓa jin Venis a bakina ba.

Da aka koma lakkwal na shiga ajin da ambulan maimakon kayen. Na ce wa yarinyar ta buɗe shafin bara ta soke layin da ta ja, na gaya mata ni ne na yi kuskure. Ta soke da jan biron nan dai, ta tambaya me za ta rubuta a wurin. Na ce ta rubuta Kirikongo, ta sa alamar tambaya, ta bar layi uku fari a ƙasa.

Saura ɗauri. Shafi 212 suka ɗaure mini da zoben roba da bangon leda. Sati uku a jakar babur cikin ranar Yamai robar ta bushe ta fara karyewa haƙori-haƙori, ran nan ina tsakiyar bayani fankar aji ta kwashi Kirgizistan ta watsa ƙarƙashin tebura, yara na bi suna tsincewa. Na kai wa wani dattijo baduku a Katako, mai ɗinkin gafaka, ya huda gefen da basilla ya ɗinke da zaren jima, ya sa bangon kwali da jar fata a ƙugu, dala ɗari da hamsin. Da na je neman takardu a kan dokar albashin leburori da Ingila ta kafa a 1351, bayan annoba ta sa ƙwadago ya yi tsada, na ɗora littafin a kan injinsa ba tare da na ce komai ba. Ya ɗauka, ya ja shafi da ƙarfi ya ga bai motsa ba, ya shinshina fatar. Sai ya jawo takardar rasit ya juya bayanta, ya ce in zana masa kwatancen rumfar tsohon.